Rabin Turmin Zaitun

A Briqueterie, unguwar Hausawan Yawunde da kowa ke ce wa Birik, teloli sun fi a ƙirga, kuma yawancinsu maza ne masu zana alli a kan yadi su yanka kai tsaye. Adda Afra'u ba haka take aiki ba. Shagonta na cikin wani lungu bayan layin masu tsire, ɗaki ɗaya ne da keken ɗinki uku da dogon tebur, bangon kuwa cike yake da takardun yanka da ake ce wa patron, an rataye su a ƙusoshi, wasu sun yi ja don tsufa. Kowace takarda siffar wani ɓangaren riga ce, gaba ko baya ko hannu, kuma a jikinta akwai layuka da yawa a jere, kowane layi da lambarsa. Mai ɗinki zai zaɓi layin da ya dace da jikin mai rigar, ya bi shi ya yanka.

A nan unguwar aka haife ta. Mahaifinta mutumin Garwa ne da fataucin albasa ya kawo kudu, ya ga wuri ya zauna. Da ta gama firamare ba a yi maganar ci gaba ba, sai wata goggonta ta kama hannunta ta kai ta unguwar Messa wurin wata tela, Madam Ngono, wadda ta koyi aikin takarda tun tana budurwa. Madam ba ta duka, ba ta zagi. Idan ta ga yarinya za ta yi ɓarna, sai ta zo ta tsaya a kanta, ta sa hannu a baya, ta duba, ta wuce abinta. Wata rana Afra'u ta yanka wa kanta hannun riga biyu duk na dama, Madam tana tsaye tana kallo. Afra'u ta yi kuka har idonta ya kumbura, kuma ba ta sake wannan kuskuren ba har yau. Tun daga nan ta yarda cewa hannu ba ya koyo sai ya ɓata, ta riƙe wannan ta girma da shi.

Ta auri Njidda, direban tasi, mutum marar yawan magana, wanda ya samo mata kekenta na farko. Suka haifi 'ya'ya suka aurar. Da ɗinkin ya fara ja baya saboda rigunan kanti masu araha sun cika kasuwar Mokolo, sai ta koma koyar da manyan mata, waɗanda miji ya rasu ya bari, da waɗanda aure ya mutu, da waɗanda suka gaji da zaman jira. Ba ta ɗaukar fiye da abin da kekunanta za su ɗauka. Duk suna ce mata Adda, wato yaya, har waɗanda suka girme ta.

Darasinta na farko kullum awo ne. Takan ba kowace mace igiyar awo, wadda a shagon ake kira santimita, ta sa su auna juna: ƙirji, ciki, ƙugu, kafaɗa. Takan gaya musu cewa lambar da ke wuyan rigar gwanjo ba awo ba ce, domin wani kamfanin arba'in ɗinsa daban, wani daban, ga shi wasu rigunan suna da roba suna miƙewa, atamfa kuwa ba ta miƙewa don kowa. Sai an auna jiki, sannan a duba lambar da ta yi daidai da shi a takarda. In awon ya faɗa tsakanin lamba biyu, a ɗauki babbar. In ƙirji ya ce wannan lamba, ƙugu ya ce waccan, a ja layi daga ɗaya zuwa ɗaya a haɗa su. Riga in ta yi yawa ana iya rage ta, in ta yi kaɗan babu inda za a samo ƙari. Ta san matan ba sa son wannan darasin. Wata ta ɗauke numfashi, wata ta ce a matse igiyar, wata in ta ji lambarta da Faransanci sai ta ce santimitar ce ta tsufa. Ana dariya, ana wucewa.

Zaitun ta zo shagon ne a farkon wata damina. Murja, ɗaya daga cikin masu koyo, ita ta kawo ta, ta ce maƙwabciyarta ce a unguwar Nkomkana, tana sayar da kunu da safe, tana so ta samu sana'ar zaune. Mace ce mai jiki, ta haura arba'in da kaɗan, Hausarta da wani irin lanƙwasa da ba na Garwa ba, ba na Najeriya ba. Afra'u ta ji an ce daga Bangui suka zo tun shekarar da aka yi tashin hankalin nan, ba ta kuma tambayi fiye da haka ba. Irin waɗannan matan suna da yawa a unguwa, kuma kowa ya san ba a tona musu.

Hannun Zaitun na da sauri. Cikin ɗan lokaci ta iya tafiyar da keke a miƙe, ta yi siket da akoko, wato farin yadin nan mai araha da ake gwaji da shi, ta yi rigar yara biyu masu kyau. Sai dai tana da tambaya, kuma 'yarta Safinatu ta koya mata kallon masu ɗinki a waya, don haka kullum da abin da ta gani jiya. Ranar awo kuwa ita ta riƙe igiya ta auna kowa, da aka zo kanta ta ce kununta ya ragu a gida, za ta je ta dawo. Afra'u ta lura, ta ce a ranta za a yi wata rana.

Abin ya faru ne wata Laraba. Da hantsi Afra'u tana nuna musu yadda ake lanƙwasa wuyan riga ya kwanta, sai Zaitun ta ce ta ga wata mata a waya tana yin sa ta wata hanya da ta fi sauƙi. Ba da raini ta faɗa ba, murna take yi. Ta ciro wayar, sauran matan suka bar teburin suka kewaye ta, Afra'u na tsaye da yadi a hannu. Murja, wadda bakinta ba ya shiru, ta yi dariya ta ce ashe da sun zauna a gida ma da sun koya. Aka yi dariya, Afra'u ma ta yi. Ta ajiye yadin ta je ta kama guga, ta yi ta guge rigar da ta riga ta goge. Shekara da shekaru tana wannan aiki, yau ga wata baƙuwar murya daga cikin waya ta kwashe mata ɗalibai a gabanta.

Bayan azahar Zaitun ta ce tana so ta fara doguwar rigar kanta, tunda Adda ta ce lokaci ya yi. Ta buɗe jaka ta fito da atamfa a naɗe cikin tsohon ɗankwali. Afra'u ta taɓa. Tana taɓawa ta san irinta: tsohuwar atamfa ce mai nauyi, koriya mai duhu da zanen ganye ruwan ƙasa, wadda aka daina kawowa kasuwa tuntuni. Wurin ninkin ya ɗan koɗe saboda daɗewa a akwati, tana ƙanshin kafur. Kuma rabin turmi ce, yadi uku, daidai doguwar riga ɗaya babu ragi. Ba ta san labarinta ba, amma yatsunta sun gaya mata cewa wannan ba yadin koyo ba ne.

Zaitun ta sauko da takardar doguwar riga, ta shimfiɗa, ta kafa fil, ta ɗauki alli ta fara bin layin lamba arba'in. Afra'u ba ta buƙatar igiya ta san jikin mace. Wannan ƙirjin arba'in da shida ne, in an matsa ƙwarai arba'in da huɗu. Ta tako ta tsaya a kan teburin. Maganar tana bakinta, kuma ba doguwa ba ce: tsaya a auna ki, ko kuma fara da akoko tukuna. Zaitun ta ɗago kai ta dube ta, almakashi a hannu.

Afra'u ta sa hannu a baya, ta dubi layin, ta wuce. Ta je bakin ƙofa ta tsaya tana gaisawa da wata mai sayar da ayaba da ba ta da niyyar sayen komai a wurinta. Daga nan ta ji ƙarar almakashi yana cin atamfa a kan katako, a hankali, yadda ta koya musu. Ta ce wa kanta haka aka koya mata ita ma, gobe matar nan ba za ta sake gudun awo ba.

Da aka haɗa rigar da ɗinkin wucin gadi, Zaitun ta shiga bayan labule ta gwada. Ta daɗe ba ta fito ba. Da Murja ta leƙa, sai ta ja labulen a hankali. Rigar ta tsaya a kafaɗa, bayan ya ƙi haɗuwa, tsakanin gefe da gefe ya kai faɗin tafin hannu, hannuwan sun kama damtse kamar za su tsage. Ko an kwance duk rarar da aka bari a gefe, ba za ta kai ba.

A nan ne Afra'u ta yi abin da ya fi damunta daga baya. Ta kira sauran matan ta ce su zo su gani. Ta juya Zaitun a gabansu, ta nuna musu bayan da ya buɗe, ta sake karanta musu darasin awo daga farko, har da maganar rigar gwanjo. Muryarta a kwance take, ba faɗa a ciki. Zaitun na tsaye tana riƙe da gaban rigar kada ta zame, tana gyaɗa kai.

"Laifina ne, Adda," in ji ta. "Kin faɗa mana tun ranar farko."

Ta koma bayan labule ta cire, ta ninke rigar ta mayar cikin ɗankwalin. Sannan ta durƙusa ƙarƙashin tebur ta tsince ƙyallayen da suka zuba tun lokacin yanka, har waɗanda ba su kai yatsa ba, ta zuba a jaka. Ta yi sallama da kowa kamar kullum ta tafi.

Washegari ba ta zo ba, haka ranar da ta biyo. Afra'u ta yi ta kallon ƙofa, ta ƙi tambaya, har Murja ta gaji ta faɗa da kanta, ranar da suka rage su biyu a shago. Ta ce mijin Zaitun, Aminullahi, ɗan kasuwa ne a Bangui. Shi ya kawo mata turmin atamfar nan ana saura kaɗan gari ya rikice, ba ta samu kai wa tela ba. Da aka fara kwashe mutane a manyan motoci zuwa iyakar Kamaru, ya sa ta a mota ita da Safinatu, ya ce zai rufe shago ya biyo ta baya. Bai biyo ba, kuma har yau babu wanda ya zo ya ce ya ga gawarsa ko ya gan shi da rai. A hanya wata mata ta haihu a cikin motar, babu abin rufa, Zaitun ta raba turmin biyu ta ba ta rabi. Ragowar ce ta ajiye duk shekarun nan. Murja ta ce ita ma ta yi mamaki da ta ga ta fito da ita, amma Zaitun ta ce mata ta gaji da buɗe akwati tana kallo, gara ta ɗinka da hannunta ta sa.

Afra'u ta tashi ta rufe taga, ko da yake ba ruwa ake ba, ta sake buɗewa.

A gida ta kasa cin tuwon kirki. Njidda ya tambaya, ta ce wata ɗaliba ce ta ɓata yadi mai daraja. Ya ce ai ba ita ta riƙe almakashin ba, mai koyo dole ya ɓata. Sai ta gaya masa sauran, har da wayar, har da dariyar Murja, har da mai ayaba. Ta ce ta yi ta gaya wa kanta koyarwa take yi, amma ta san da a ce ba a yi abin da aka yi da safiyar ranar ba, da ta riƙe hannun matar. Ta kuma tuna wani abu da ba ta taɓa kawowa a ranta ba: Madam Ngono ba ta taɓa yin shirun nan a kan yadin kirki ba. A kan akoko take yi, ko atamfar roba ta 'yan koyo. In yarinya ta kusanci kayan mutane da almakashi ba daidai ba, tun daga nesa Madam ke daka mata tsawa. Njidda ya daɗe yana juya cokali a kofin shayi, sannan ya tambaye ta ko ta san gidan matar.

Ba ta tafi nan da nan ba, domin ba ta so ta je hannu rabbana. Ta duba ƙarƙashin tebur ta samu wani ɗan ƙyalle da ya maƙale a ƙafar keke, wanda Zaitun ba ta gani ba. Da shi ta bi shagunan atamfa na Birik ɗaya bayan ɗaya, ta haura Mokolo, ta shiga har layukan da ba ta saba shiga ba. Samarin shago suna dubawa su ce babu, su ciro mata wasu korayen. Wani dattijo da ya daɗe a sana'ar ya ɗaga ƙyallen ya kalla a haske, ya ce ya san zanen, ya sayar da shi da yawa a da, amma an daina buga shi, sai dai in ta dace da wata tsohuwa da ta ajiye a akwati. Ta tambayi tsofaffin da ta sani, a masallaci da gidajen suna, har aka fara tambayarta ko lafiya. A ƙarshe ta sayi yadi kore marar zane, mafi kusa da launin da ta samu. Dabararta ita ce ta tsaga rigar ta gefe biyu ta sa wannan a tsakani, daga hammata zuwa ƙasa, ta ƙara a hannuwa. Ta sha yi wa mata masu ciki haka, kuma in an yi da kyau sai a ɗauka ado ne.

Ranar da ta hau Nkomkana an yi ruwa da safe, jar laka ta kama mata takalmi har ta cire ta riƙe a hannu. Murja ta nuna mata ƙofar ta koma. Ɗaki ne da 'yar rumfa, Zaitun na zaune tana wanke robobin kunu. Da ta ga Adda sai ta miƙe da sauri, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwan wanke ƙafa da na sha, tana ta ba da haƙurin rashin zuwanta, wai jikinta ne ba daɗi. Wannan karɓar ta ƙara wa Afra'u nauyi. Suka gaisa, suka sake gaisawa, aka tambayi Safinatu, aka yi maganar ruwa. Sannan Afra'u ta ajiye kofin.

"Maman Safinatu, ranar da kika yanka rigar nan, na ga layin da kika bi. Na san ba zai shige ki ba. Na yi shiru ne don raina ya ɓaci da maganar waya."

Zaitun ta dubi robar da ke hannunta. Ta ce ta san ta yi jiki, ba yarinya ba ce, tana da madubi. Amma Aminullahi in ya je Duwala sarin kaya yakan taho mata da rigunan kanti, kullum arba'in, har ya haddace, ba ya tambaya. Da ta shimfiɗa takardar ta ga lambar a jikin layin, hannunta can ya tafi.

"Na ɗago ne in ji ko za ki ce wani abu," in ji ta. "Da kika duba kika wuce, sai na ce ashe zai shiga."

Afra'u ta so a ce faɗa aka yi mata. Ta buɗe leda ta fito da koren yadin, ta yi bayanin yadda za ta sa shi a gefe, ta ce da hannunta za ta yi, ba wanda zai gane. Zaitun ta karɓa ta shafa, ta yaba launin, ta mayar cikin ledar ta tura gabanta a hankali. Ta ce ba ta so a haɗa atamfar da wani yadi. Afra'u ta ce to Safinatu fa, ai siririya ce, da ɗan gyara za ta zauna mata daidai.

"Ba ita ya saya wa ba, Adda."

Wata maƙwabciya ta leƙo neman aron murhu, ta gaishe su ta tafi. Da Afra'u ta tashi tafiya, Zaitun ta raka ta har bakin hanya, ta nuna mata gefen da laka ba ta da yawa, ta tsaya har ta samu mashin. Ledar koren yadin tana hannun Afra'u, da ita ta koma gida.

Bayan an kwana biyu Zaitun ta dawo shago. Ranar da ta dawo, kafin ta zauna, ta miƙa wa Murja igiyar awo ta ɗaga hannuwa, aka auna ta a gaban kowa, aka faɗi lambar, ba wanda ya yi dariya. Ta ci gaba da koyo, ta iya wuya, ta iya zif, ta iya aljihu. Tana gaishe da Adda da ladabi, tana share shago in ta riga kowa zuwa. Amma ba ta sake ciro waya a shagon ba, ba ta kuma sake cewa ta ga wani abu jiya ba. In ba ta gane ba, sai ta jira Murja ta tambaya. Afra'u ta gwada jawo ta, har wata rana ta ce mata ta nuna musu hanyar wuyan nan ta waya su gani. Zaitun ta yi murmushi ta ce ai ta manta.

Koyarwar Afra'u ta sauya, ko da yake ba gaba ɗaya ba. Ta sa doka cewa ba mai yanka atamfa sai ta ɗinka irin rigar da akoko ta sa a jikinta an gani. Ta koma mai yawan magana a kan tebur, har sababbin ɗalibai suna ƙorafi a bayan idonta cewa Adda ba ta barin mutum ya numfasa, kafin ka ɗauki almakashi ta tambaye ka sau uku. Wani lokacin kuma, in wata ta ba ta haushi, takan ji tsohon halin yana taso mata, sai ta yi maza ta faɗi abin da ta gani, ko da muryarta ta fito da kaushi.

Da azumi ya gabato, lokacin da mutane ke neman gafarar juna, ta tare Zaitun bayan an tashi, ta ce ta yafe mata abin da ya faru. Zaitun ta ce ta yafe, Allah ya yafe musu baki ɗaya, ita ma a yafe mata. Ta faɗa da sauri, yadda kowa ke faɗa wa kowa a wannan makon, tana gyara mayafi. Afra'u ta koma gida ba ta ji an sauke mata komai ba. Ta gaya wa Njidda, ya ce tunda ta roƙa an kuma amsa, sauran na Allah ne. Ta ce ta sani.

Yanzu Zaitun tana da kekenta a unguwar Elig-Edzoa, a wani shago da suke haɗaka da wata mata, suna ɗinkin kayan 'yan makaranta da rigunan mata. An ce aikinta na da tsabta. In aka kawo mata babban ɗinki da ya fi ƙarfinta, kamar kayan amarya, takan ce a kai wa Adda Afra'u a Birik, kuma matan suna zuwa su ce Maman Safinatu ce ta turo su. Afra'u takan yi musu aikin da kulawa fiye da kima, ta kuma rasa yadda za ta ɗauki wannan aiken, ko alheri ne, ko kuwa sana'a ce kawai.

A daminar da ta wuce, wata ranar Asabar da la'asar, Zaitun ta shigo Birik sayen zare, ruwa ya kama ta a bakin lungun. Ta shigo shagon da sallama tana kakkaɓe mayafi. Ɗalibai sun tashi, Afra'u ce kaɗai, tana fama da kalmasar wasu zannuwa da za a karɓa washegari, ga idonta ya fara ba ta wahala wurin zura allura. Suka gaisa. Ruwan ya yi ƙarfi a kan kwano har ba a jin magana sosai. Zaitun ta zauna a benci, ta ɗan jima tana kallon titi, sannan ta jawo zani ɗaya daga cikin tarin, ta zura allura ta fara kalmasa. Ta zura wa Adda tata ita ma ta miƙa mata. Suka yi ta aiki, suna miƙa wa juna almakashi. Kafin ruwan ya tsagaita sun gama huɗu. Zaitun ta ninke nata ta ɗora a kan tebur, ta ce bari ta yi sauri kada magariba ta same ta a hanya, a gaida Baba Njidda. Ta ɗauki ledar zarenta ta fita, tana tsallake kwatar da ta cika.